Fiton Bara'atu

Dutsen farko ya faɗo ne ana tsakiyar kiran sallar magariba. Kulsumu tana durƙushe a bakin murhu tana kwashe tuwon dawa, mijinta Labbo yana alwala a gindin randa, 'yarsu Bara'atu kuwa tana zaune a dokin ƙofa ta zuba wa ƙasa ido, yadda ta wuni. Ƙarar ta zo daga saman kwanon ɗaki, sannan abin ya gangaro a hankali ya faɗi tsakar gida. Gidan ya daɗe da sabawa da shiru, har ya zama ko ƙara ba ta cika tayar musu da kai ba.

Na biyu ya faɗo. Na uku ya tsallake kan Kulsumu ya fasa murfin tukunyar miya.

"Ɗiyan unguwa na," in ji Labbo, yana zura takalmi. "Bari in taho daga masallaci."

Kulsumu ta ɗauki abin da aka jefo ta kai shi kusa da wuta. Ba dutse ba ne. Guntun katsi ne, irin wanda ake shafe ramin rini da shi, gefe guda ya yi shuɗi da tsohon baba. A duk wannan gefen na Kaura Namoda wuri ɗaya ne ake samun irinsa: tsohuwar marinar da ke bayan garkarsu, wato shingen bayan gida, wadda masu rini suka tashi suka bari tun kafin a haifi Bara'atu. Yara ba sa zuwa wurin ko da rana tsaka.

"Maigida," ta ce, "wanga ba jihwan yara ba na."

Ya duba, ya juya shi a hannu, ya ajiye a kan katanga, ya fita sallarsa. A bayan gida kuwa ɗan kwikwiyon da ke ɗaure a garka bai yi haushi ko sau ɗaya ba. Da Kulsumu ta leƙa, sai ta gan shi zaune yana kallon wajen marina, yana kaɗa wutsiya, alhali ba kowa a wurin.

Shi wannan kwikwiyo wata biyu ke nan da zuwansa, kuma ba don sha'awa aka kawo shi ba. Labbo ɗan kasuwar hatsi ne, yana bin Shinkafi da ƙauyuka yana sayen gero da dawa, bai taɓa ajiye kare ba, ubansa ma bai ajiye ba. Amma an shiga garkarsa sau biyu an kwance masa tumaki, sai wani maharbi na Gurbin Bore mai suna Ɗanbaba ya ba shi ɗan kwikwiyo, fari mai baƙin tabo a ido ɗaya. Da zai ba shi ya yi masa karatu kamar mai aurar da ɗiya.

"Kare ba shi son baki biyu," in ji Ɗanbaba. "Mutum guda za shi riƙa ba shi abinci. Kira guda, lokaci guda, kullum. In kunka yi haka kwana arba'in, ko cikin kasuwa anka yi mishi hito shina zuwa."

Labbo ya sako shi a kwali, ya ɗaure bayan babur, ya shigo da shi gari a ɓoye kamar mai ɗauke da kayan sata. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, gari ya ɗauki gyara, kowa yana duban tsawon wandon maƙwabcinsa. Labbo ya sani sarai an halatta karen tsaro. Amma sanin halas daban, iya jure bakin mutane daban, shi kuwa mutum ne mai gudun a nuna shi da yatsa. Ya wuce da kwalin ta ƙofar baya ya ajiye a garka, nesa da ɗakunan kwana.

Ba shi ya ɗauki rainon ba, ba Kulsumu ba. Bara'atu ce. Ita kaɗai ta rage musu cikin 'ya'ya uku. Shekarar da aka ƙirƙiro musu jiha, sanƙarau ya ɗauke yayanta Auwalu da ƙanwarta Ummi cikin mako guda. Tana da shekara tara a lokacin. Tun daga nan gidan ya koma wurin da ake ci, a yi salla, a kwanta. Ba a kuka, ba a dariya. Bara'atu ta girma a haka har ta kai sha uku, yarinya mai amsa tambaya da kai, wadda in ta zauna a wuri sai an tuna da ita.

Daren farko kwikwiyon ya kwana yana kukan uwarsa. Da gari ya waye aka tarar Bara'atu ta shimfiɗa masa tsohon zanenta a cikin kwando. Ta sa masa suna Wake saboda tabon idonsa. Kulsumu ta ware masa fasasshen kasko, ta ja wa yarinyar kunne cewa duk kwanon da ya sa wa baki sai an wanke shi sau bakwai, ita kuma ta wanke hannu kafin ta taɓa komai na ɗaki. Bara'atu ta riƙa dama masa tsaki da ɗan nono, tana cire masa kaska a kunne, tana share inda ya ɓata. Ya cinye mata takalmi ɗaya, ya yaga buhun dusa, ya kori kaji har ɗaya ta faɗa kwatami. Ranar ce Kulsumu ta ji wata ƙara daga garka da ta sa ta saki muciya. Sai da ta ɗan saurara ta gane dariyar 'yarta ce.

Saura lokacin horo. Ɗanbaba ya ce lokaci guda, bai faɗi wane lokaci ba. Da safe mata suna leƙe ta katanga, da la'asar maza suna zaune a ƙofar gida. Lokaci ɗaya ne unguwar take zama wayam, wato da an kira magariba, maza sun tafi masallaci, mata sun shige ɗaki, an kora yara ciki. Shi Bara'atu ta zaɓa. Sai ta kwance Wake, ta kai shi ƙarshen garka wajen marina, ta ɗaga tafin hannu ta ce, "Zamna." In ya zauna ta ce, "Tsaya." Sai ta ja da baya, taki goma, taki ashirin, shi yana rawar jiki yana kallon ta. Ba zai motsa ba sai ta tsuke baki ta yi fito, dogo ɗaya gajere ɗaya, irin wanda Auwalu ya koya mata. Nan zai taho a guje, kunnuwa na lilo, ta ba shi ƙuli-ƙuli ko ta jefa masa ƙashi.

Kulsumu ta san ba a fito da magariba. Ba wanda ya tashi a ƙasar nan bai ji kakarsa ta faɗa masa haka ba, lokacin fitowar mutanen ɓoye ne, kuma fito kira ne. Sau uku tana zuwa bakin garka don ta hana, sau uku tana ganin fuskar yarinyar ta juyo ba ta ce komai ba. Shekara huɗu tana jiran ta ga haƙoran 'yarta, ba ta da ƙarfin da za ta rufe su da bakinta. Wannan shirun ya dame ta daga baya fiye da komai.

Aka yi kwana arba'in da ɗoriya a haka. Wake ya iya zama, ya iya tsayawa, har ta kan shige gida ta sha ruwa ta dawo ta same shi inda ta bar shi. Sai ranar wata Juma'a maƙwabcinsu Alhaji Mainasara, wanda ciwon ƙafa ya hana shi zuwa masallaci da magariba, ya tare Labbo a gaban jama'a.

"Labbo, mi nika ji bayan gidanka? Ana ta gyaran gari, kai ko kana aje kare? Har ɗiya mace tana hito da magariba awa ɗan tasha?"

Labbo ya shigo gida kunnuwansa na zafi. Bai daki kowa ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce daga yau ba fito, ba zuwa garka, shi zai riƙa zuba wa karen abinci da safe. Bara'atu ta gyaɗa kai. Ta koma dokin ƙofa ta zauna. Kwana uku bayan haka katsin farko ya faɗo.

Jifan bai tsaya ba. Kullum da ladan ya ɗaga murya sai ya fara, da an idar da salla sai ya ɗauke. Labbo ya bar zuwa jam'i ya hau katanga da tocila, ya duba marina da ramukanta busassu, bai ga ko ɓera ba, katsi kuwa yana wuce kunnensa. A magariba ta biyar, su ukun suna tsakar gida, suka ji fito daga bayan garka, dogo ɗaya gajere ɗaya. Kulsumu ta juya ta dubi 'yarta. Bakin yarinyar a rufe yake.

Washegari jifan ya daina, abin da ya fi shi ya zo. Da aka kira salla Bara'atu ta miƙe, ta taka zuwa tsakiyar gida, ta zauna a ƙasa ta fuskanci garka, ta sandare. Idonta a buɗe, ba ta ƙiftawa. Labbo ya kama kafaɗarta ya ji kamar ya kama turmi. Sai bayan isha'i ta saki jiki, ba ta san abin da ya faru ba. Kashegari ta kai tsakar dare. Ranar da ta biyo baya gari ya waye tana nan zaune, raɓa ta jiƙa mata ɗankwali. Aka kai ta asibiti, aka auna, ba zazzaɓi, aka ƙara mata ruwa aka sallame su. Ta bar cin abinci. Wuyanta ya fito, zobenta ya riƙa zamewa daga yatsa.

Iyayen ba su yi kururuwa ba. Sun riga sun san yadda ake rasa ɗa, sun san matakansa ɗaya bayan ɗaya, sai suka riƙa bin su kamar masu bin hanyar da suka saba. Kulsumu ta kan dama kunu ta ajiye kusa da yarinyar, ya huce, ta ɗauke. Labbo ya kan zauna a kan buhu ya dube ta, zuciyarsa ba zafi ba sanyi. Wata safiya ya kama kansa yana tunanin ko akwai sauran fili kusa da kabarin Ummi. Wannan tunanin ne ya tashe shi, ya hau babur ya nufi Zurmi ɗauko malami.

Malam Misbahu tsoho ne siriri mai ƙaramar murya, ba ya tafiya da komai sai Alƙur'ani da buta. Ya iso da la'asar, ya zaga gida, ya leƙa garka, ya tsaya ya daɗe yana kallon kwikwiyon da ke kaɗa wa iska wutsiya. Ya tambayi yadda aka yi, aka faɗa masa. Da aka zo kan fito Kulsumu ta sunkuyar da kai.

"Na sani, Malam. Ina ji, ban hana ba."

"To," in ji shi.

Ya yi sallar magariba a tsakar gida, ya zauna gaban yarinyar da ta riga ta sandare, ya sa uwar ta riƙe mata hannu, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Hasken sama ya ƙare, sauro ya fara kuka. Can sai leɓen Bara'atu ya motsa, wata murya ta fito, busasshiya, ta tsoho, mai gajiya.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Kai wa na?"

"Na marina."

"Mi ya kawo ka gidan mutane?"

"Kira na anka yi."

"Ƙarya kaka yi. Yarinya karenta taka kira."

Muryar ta ci gaba a hankali, ba faɗa a cikinta. "Ni ban san wanga ba. Lokacin hitarmu na, bakin ƙohwata anka tsaya anka yi hito. Tun da masu rini sunka tashi ba wanda ya tuna akwai wani nan. Sai nil leƙo. Ta ce zamna, niz zamna. Ta ce tsaya, nit tsaya. Ta yi hito, munka taho mu biyu. Ta jeho ƙashi, shi ya ci nama, ni in ci abin da ya rage. Kwana arba'in da shidda. Rannan niz zo, niz zamna, nit tsaya. Ba a kira ba. Har gobe ba a kira ba."

Labbo ya zame daga kan buhu ya zauna a ƙasa.

"Shi ya sa kash shiga jikinta?" in ji malam.

"In ta ɗanɗana jira, ta san yadda shi ke."

"Ta ɗanɗana. Kai Musulmi na?"

"Dauri dai."

"To ka san zalunci haramun na. Ba ta san da kai ba. Hita."

"A bar min ita. Ba ni cutar ta."

"Ka ga wuyanta? Hita."

"To a yanka min baƙin bunsuru bakin rami."

"Ko ɗigon jini ba ka samu. Ba mu yanka don kowa sai Allah."

"To ta ci gaba da kira, ko sau guda a kwana bakwai."

Malam Misbahu ya koma karatu, ya ɗan ɗaga murya. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, hawaye suka zubo daga idanun da ba sa ƙiftawa. Kulsumu ta rufe nata idon amma ba ta saki hannun ba.

"Tsaya! Tsaya, malam. A ba ni karen. Mun saba. Shi ba shi gudu na."

Malamin ya dakata. "Ba nawa ba na," ya ce, ya juya ya dubi Labbo.

"A ba shi," in ji Labbo, tun kafin a rufe baki. Bai ji komai ba da ya faɗa. Kare ne, 'yarsa kuwa ita ke nan.

"Ita za ta kawo shi da hannunta," in ji muryar. "Ta aje shi yadda ta saba, ta ce mishi tsaya, ta tahi. Amma ku ji da kyau. Ran da ta sake yin hito, ko da rana, ko wani gari, mu biyu za mu taho. Sannan ko kai, malam, ba ka hid da ni."

Malam Misbahu ya sa aljanin ya rantse da Wanda ya halicce shi, sau uku, ya ce ya fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu. Yatsan ya yi karkarwa, ya miƙe, ya saki. Bara'atu ta sulale a jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa, da muryarta ta yarinya. Kulsumu ta tashi ta hura wuta, Labbo ya ƙyasta mata ashana.

Washegari da hantsi aka faɗa mata komai, malamin ne ya faɗa, bai ɓoye ko ɗaya ba. Ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai. Ta shiga garka, karo na farko tun ranar da aka hana ta. Wake ya yi ta tsalle har igiya na shaƙe shi. Ta durƙusa ta duba kunnuwansa ta cire kaska biyu, ta zuba masa ruwa a kasko ta jira ya sha. Sannan ta kwance igiyar daga wuyansa ta miƙa wa ubanta.

Suka bi ta baya, Labbo da malam, ita a gaba tana tafiya a hankali don rashin ƙarfi, karen yana zagaya ƙafafunta. A bakin ramin farko ta tsaya, inda wata tsohuwar bishiyar marke ta yi inuwa. Ta ɗaga tafin hannu.

"Zamna."

Ya zauna.

"Tsaya."

Ta juya. Taki goma, taki ashirin, ta wuce ƙofar garka ba ta waiwaya ba. Labbo ne ya waiwaya. Karen yana zaune ƙyam, kunnuwa a tsaye, idonsa a kan bayanta, jikinsa yana ɗan rawa don ɗokin abin da zai biyo baya.

Magariba ta yi, ba jifa, ba murya. Bara'atu ta ci tuwo ta sha kunu, ta yi salla, ta kwanta. Kulsumu ta lura da abu ɗaya: tun da aka fara kiran salla yarinyar ta sa gefen mayafinta a baki ta cije, ba ta saki ba sai da aka idar.

Kwana biyu Labbo bai leƙa bayan gida ba. A rana ta uku, bayan asuba, ya ce zai duba tumaki, ya zarce marina. Wake yana nan gindin marken, a daidai inda aka bar shi. Cikinsa ya ɗame, harshensa ya bushe. Da ya ga Labbo ya kaɗa wutsiya sau biyu a ƙasa, amma bai tashi ba. Kusa da shi ƙurar ta lotsa, faɗin zaman mutum. Labbo ya kira sunansa a hankali, ya tafa hannu, ya ce masa je ka. Karen ya dube shi, ya mai da ido ga ƙofar garka. Labbo ya daɗe a tsaye. Shi bai iya fito ba, da ma ya iya ɗin ba zai yi ba.

Ya dawo ya sami Bara'atu a dokin ƙofa tana tsince shinkafa. Fuskarta ta fara cikowa. Ba ta ɗago ba.

"Baba, ya tashi?"

"Ya tashi, ɗiyata. Ya bi wasu Hillani masu shanu. Lahiya lau shi ke."

Ta cire tsakuwa ɗaya ta jefar, ta cire wata.

"Bai tashi ba, Baba," ta ce. "Ni na koya mishi."